Na-Baya Mai Suyar Gahawa

Shagon gahawar ɗaki biyu ne. Na gaba yana kallon titi, da doguwar kanta, da kujeru shida, da manyan kwalabe jere a kan katako cike da soyayyun 'ya'yan gahawa. Na baya ba shi da taga sai wata 'yar kafa can kusa da rufi inda hayaƙi ke fita. A nan ake jibge buhuna, a nan kuma gangar suya take, wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe da aka kwantar a kan murhu, da mariƙi a gefe wanda ake juyawa da hannu. A wannan ɗaki babban ɗan mai shagon ya yi shekara arba'in da 'yan kai, har mutane suka manta sunan da aka raɗa masa, suka koma kiransa Na-Baya. Ba ya son sunan, amma bai taɓa buɗe baki ya ce ba ya so ba. Shi dama haka yake, magana takan zo masa har maƙogwaro ta juya.

Yana ɗan shekara goma sha uku Baba ya ɗora hannunsa a kan mariƙin gangar. Ya koya masa cewa ɗanyar gahawa ba ta da wani ƙamshi sai na busasshiyar ciyawa, wuta ce ke fito da abin da ke cikinta. Ya nuna masa yadda take rikiɗa daga kore zuwa rawaya, daga rawaya zuwa ruwan ƙasa. Ya ce ido yakan yaudari mutum, don haka ya riƙa kasa kunne. Akwai lokacin da 'ya'yan za su fara fashewa a cikin gangar, ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinke. Daga nan zuwa fashewa ta biyu, wadda ta fi ta fari sanyin ƙara, a nan aikin yake gaba ɗaya. Ka sauke da wuri, ta yi tsami da bauri. Ka yi jinkirin numfashi goma, ta yi ƙauri, ka zubar da wahalar manomi. Yaron ya kama wannan da sauri. Kafin ya cika sha shida Baba yakan bar masa wutar ya tafi gaba wajen masu saye, hankalinsa kwance.

Abin ya faro ne wata safiya, yana da shekara sha tara, ƙanensa Auta kuma sha uku. Baba ya sayo sabon buhu, ya sa aka soya kaɗan, ya niƙa, ya zuba ruwan zafi, ya miƙa wa kowannensu kofi ya ce su faɗa masa abin da suka ji. Na-Baya ya kurɓa, nan take ya ji abin da ke ciki. Buhun ya sha laima, akwai warin ƙasa mai danshi a bayan ɗanɗanon. Amma Baba ne ya zaɓo buhun da kansa, yaya za a yi ɗa ya ce wa ubansa an cuce shi? Yana nan yana neman hanyar da zai bi da maganar, sai Auta ya yamutsa fuska ya ce, "Baba, wannan ai warin tsohuwar tabarmar da ruwa ya jiƙa take yi."

Baba ya tashi ya kifar da buhun, ya ga gindinsa ya yi baƙi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dafa kan Auta ya ce, "Wannan yaro yana da harshe." Sannan ya juya ya ce da babban, "Kai kuma je ka duba wuta."

Ya je ya duba wuta. Tun daga ranar aka raba musu shagon ba tare da an zauna an raba ba.

Auta ya tashi a ɗakin gaba. Ya zama dogo, mai fara'a, mai son farar riga. Shi ke zama da dillalai in sun kawo samfuri, shi ke cewa a ɗauki wannan a bar wancan. Da Baba ya rasu, babu wanda ya tsaya tambayar wa zai hau kujerarsa ta bayan kanta. Kuma gaskiya Auta ya iya. Yana niƙa gahawa a gaban mai saye yana ba shi labari. Zai ce wannan daga kan duwatsu ta fito, inda sanyi ke sa ta nuna a hankali, shi ya sa take da ƙamshi da ɗan tsami mai daɗi, waccan kuma ta kwari ce, ta fi ƙarfi da ɗaci, ita ce ta direban da ke da tafiya a gabansa. Zai sauke butar daga wuta ya bar ruwan ya daina tafasa kafin ya zuba, yana cewa gahawa ba ta son a yi mata tsawa. In ya ga baƙo, sai ya ɗauko tsohon labarin nan na makiyayin da ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci jajayen 'ya'yan wata bishiya. Kullum sai ya ƙara wa labarin wani abu. Wata rana akuyar gurguwa ce, wata rana makiyayin ne ya fi awakin tsalle.

Duk wannan Na-Baya yana ji ta bayan labule. Yana jin lokacin da mutum zai kurɓa ya yi shiru, sannan ya ce, "Auta, hannunka daban ne." Sai ya dubi nasa hannun, da tabon ƙuna a bayan yatsu, da baƙin da ya shige ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Ya san minti nawa waccan gahawar ta yi a wuta, ya san a wane numfashi ya sauke ta, ya san yadda ya baza ta a babban faranti yana fifita don kada zafinta ya ci gaba da cin ta. Shi Auta ruwa kawai ya zuba. Amma a bakin mutanen unguwa, gahawar Auta ce, shagon ma shagon Auta ne. Har masinja in ya kawo takarda, sai ya leƙa baya ya ce, "Malam, ina mai shagon?"

Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu. Matarsa mace ce mai tsokana, takan ce ita ba ta bukatar turare a ɗakinta, rigar mijinta ta isa. Ita ce ta fara gano abin da ke cinsa. Wata rana babbar 'yarsu ta dawo daga makaranta da aikin gida, an ce kowa ya rubuta sana'ar gidansu. Yarinyar ta rubuta cewa Baffanta yana yin gahawar da ta fi ta kowa daɗi, babanta kuma yana hura masa wuta. Na-Baya ya karanta sau biyu, ya ce rubutun ya yi kyau, ya ture kwanon abincinsa.

Da yaran suka fita matar ta ce, "Maigida, kishin ƙanenka kake yi."

Ya ce, "Kishin me? Me yake da shi?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan. Me yake da shi da har ka kasa cin abinci?"

Ai ba abu ɗaya ba ne da zai nuna da yatsa. Farar rigar ce, da yadda Auta ke dariya mutane su taya shi, da yadda ko a taron dangi in sun shiga tare shi ake fara tashi a ba wa kujera, alhali shi ne ƙarami. Abin da ya fi ci masa rai, Auta bai taɓa yi masa rashin kunya ba. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Yaya, an tashi lafiya? Yaya gwiwar?" Da ma mugu ne, da Na-Baya ya samu inda zai rataya haushinsa.

Haka aka yi ta tafiya har Na-Baya ya kai shekara hamsin da biyu. A wannan shekarar Auta ya yi wata doguwar mura da zazzaɓi, ya yi mako uku a kwance. Ya dawo ya rame, amma bakin yana nan. Sai dai Na-Baya, wanda ya yi shekara talatin yana kallon ƙanensa fiye da yadda yake kallon kansa, ya lura da wasu abubuwa. Auta yakan tsoma hanci cikin kwalba ya daɗe bai ɗago ba. Ya daina cewa komai game da sabuwar suya, sai dai ya maimaita tsofaffin maganganunsa. Wata rana madara ta ƙone a kan ƙaramin murhun da ke gefen kanta, ƙaurin ya kai har ɗakin baya, Auta kuwa yana tsaye kusa da ita yana goge kofuna yana 'yar waƙarsa.

Washegari Na-Baya ya ɗebi 'ya'ya kaɗan ya bar su a wuta har suka yi baƙi suna naso. Ya niƙa, ya haɗa da kansa, ya kai wa ƙanensa.

"Ɗanɗana mini wannan."

Auta ya kurɓa, ya juya ta a baki kamar yadda ya saba, ya lumshe ido. Ya ce, "Ta yi, Yaya. Akwai gardi."

Na-Baya ya karɓi kofin ya koma ciki ya zauna a kan buhu. Ya so ya ji tausayi, ya nema a zuciyarsa, amma abin da ya samu wani sanyi ne mai daɗi, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ranar har fito ya yi yana juya ganga. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa, yana ƙoƙarin ɓata fuska, amma ta ga abin da ke ƙarƙashi.

Ta ce, "Ɗan'uwanka ya rasa hancinsa, kai kuma ka dawo mini da fuska kamar wanda aka yi wa albishir. To me za ka yi?"

"Me zan yi? Ai shi ne mai harshe."

Ta kwashe kwanuka ta fita.

Bayan mako biyu dillali ya kawo samfuri, Auta ya zaɓa kamar kullum. Da buhun ya iso ɗakin baya, Na-Baya yana farke bakinsa ya ji. An ɗauko shi a mota ɗaya da kananzir, ita kuwa ɗanyar gahawa duk warin da ta zauna kusa da shi sai ta sha. Ba mai ƙarfi ba ne, amma yana nan, kuma wuta ba za ta kore shi ba. Ya tsaya da wuƙar a hannu, yana jin muryar ƙanensa a gaba yana ba wani labarin awaki. Sai ya auna ya zuba a ganga. Ya soya ta da kyau, suyar da babu wanda zai kushe, ya bar ta ta huce kwana uku, ya cika kwalba ya ɗora a kan katako.

Wadda ta fara faɗawa ita ce Hajiya mai otal, wata dattijiya mai kaifin baki da ta fi shekara ashirin tana sayen gahawar otal ɗinta a wurinsu. Ba ta ɗaukar komai sai ta ɗanɗana. Auta ya haɗa mata daga sabuwar kwalba, yana yabon duwatsun da ta fito. Na-Baya ya ɗan ɗaga labule. Hajiya ta kurɓa, ta ajiye kofin a hankali, ta ɗauko hankici ta goge baki.

"Auta, fitila ka wanke a ciki?"

Auta ya yi dariya, ya ɗauki nasa kofin ya kurɓa, ya sake kurɓa. Akwai mutum uku a kan kujeru, duk suna kallonsa. Daga inda Na-Baya yake, ƙeyar ƙanensa kawai yake gani. Ya ga gumi ya tsattsafo a wuyan farar rigar. Wannan ce ranar da ya daɗe yana jira, ya sha tsara ta a ransa yana juya ganga. Amma a duk yadda ya tsara ta, bai taɓa sa wannan gumin a ciki ba. Bai san lokacin da ya ture labulen ba.

Ya ce, "Hajiya, laifina ne. Ni na ajiye buhun kusa da galan ɗin kananzir. Samfurin da Auta ya ɗanɗana lafiyarsa ƙalau."

Ta dube shi sama da ƙasa kamar yau ta fara ganinsa. "Da girmanka? Yaron nan yana gina suna, kai kana rushe masa daga ciki." Ta yi ta faɗa, ya tsaya ya sha, kansa a ƙasa.

Da la'asar, bayan an watse, Auta ya shigo ɗakin baya, abin da ba kasafai yake yi ba saboda rigarsa. Ya zauna a kan buhu.

"Babu wani galan a ɗakin nan, Yaya."

"Babu."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar madara."

Auta ya ce, "Kofin nan da ka kawo mini fa?"

"Gawayi ne."

"Buhun ma ka ji, ka soya."

"Na ji."

"Don me?"

A ranar dai maganar ba ta juya daga maƙogwaro ba. Na-Baya ya faɗi komai, tun daga buhun da ya sha laima suna yara, har masinja, har aikin gidan 'yarsa. Ya yi zaton ƙanen zai yi fushi, ko kuwa ya ce shi ma yana da nasa ƙorafin. Amma Auta baki ya buɗe yana kallonsa, da mamaki na gaske a fuskarsa.

"Wallahi Yaya ban taɓa sani ba. Ni na ɗauka hayaniya ce ba ka so."

Wannan ta fi faɗan Hajiya zafi. Shekara talatin da uku yana dakon abu, wanda yake yi dominsa ko labari bai samu ba.

Auta ya je asibiti, aka ce wataƙila jin ƙamshin ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Bai dawo ba, sai ɗaci da zaƙi kawai yake rarrabewa. Sai suka yi shiri tsakaninsu. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, Na-Baya zai ɗanɗana, Auta na gefe. Da farko ba ya cewa komai sai "ta yi" ko "ba ta yi ba". Auta ya riƙa jan sa: "Ta yi kamar me, Yaya? Me ta tuna maka?" Sai ya yi ta nuƙu-nuƙu, can ya ce, "Kamar ɓawon lemo da aka bari a rana." Kafin azahar zai ji ta bayan labule ɓawon lemon nan ya fito da sabbin kaya, an ƙara masa zuma da iskar duwatsu, mutane kuma suna cewa tun da Auta ya tashi daga ciwo harshensa ya ƙara kaifi. Na-Baya ya koma gida yana huci. Matarsa ta ce, "Da kana kishin harshensa, yanzu kuma naka kake kishi don yana bakin wani. Ni dai ban san maganinka ba."

Auta ne ya gaji da ɓoyon. Wata rana shagon a cike, ya ja yayansa da hannu ya fito da shi, ya gaya wa kowa gaskiya, har da Hajiya mai otal, ya zaunar da shi a kujerar Baba. Aka yi ta mamaki, aka yi ta gaishe shi. Matarsa ta ɗinka masa farar riga. Amma in mai saye ya tambaye shi wannan daga ina take, sai ya ce, "Daga tudu." Mutumin ya jira ci gaba, babu. Sai ya ga idanu suna zagaye shi suna neman Auta, wanda ke can ƙarshen kanta yana wanke kofuna, kujeru kuma suna juyawa a hankali suna fuskantar can. Kwana tara ya yi a kujerar. A na goma ya ce gwiwarsa ba ta son zama, ya koma wajen wutarsa.

Bara ne gwiwar ta tsananta da gaske, har tsayuwa gaban ganga ta soma gagararsa. Auta ya shigo da tsohuwar riga ya ce, "Hanci ne ya tafi, Yaya, kunnena yana nan. Koya mini." Na-Baya ya koya masa, yana cewa a ransa mutumin da ya saba da surutu ba zai iya sauraro ba. Watan farko Auta ya ƙona, na biyu ya sauke da wuri, yayan yana zaune a kan buhu yana gyara masa cikin haƙuri da sakin fuska. A wata na huɗu, wata safiya, fashewar farko ta wuce, Na-Baya ya buɗe baki zai ce a sauke, sai ya ga hannun ƙanensa ya riga ya kai ga murfin gangar.

Bayan kwana uku suka haɗa gahawar. Na-Baya ya kurɓa. Babu ƙauri, babu bauri, ga gardi, ga ƙamshi da ke zama a baki bayan an haɗiye. Shi kansa sai da ya shekara biyu kafin ya fitar da irinta. Auta yana tsaye da toka a gira, yana kallon fuskarsa, don ba shi da wata hanyar sanin abin da ya yi sai abin da yayansa ya faɗa.

"Yaya, ya ka ji ta?"

Na-Baya ya sake kurɓa, ya daɗe da kofin a hannu.

"Ta yi," ya ce. Da ya ga yadda fuskar Auta ta washe, sai ya ƙara da cewa, "Sai dai ka ɗan yi saurin saukewa."

Auta ya gyaɗa kai da gaske, ya ce gobe zai kula, ya tafi ya canza riga don buɗe shago. Na-Baya ya jira har labulen ya daina motsi, sannan ya ƙara wa kansa rabin kofi.